Wadda Kullum Take Fara Zama

Akwai wani bayani da bai fi na minti biyar ba, wanda Malam Umara ya yi wata bakwai yana ɗagawa zuwa mako mai zuwa. Shi da bakinsa yake faɗa wa duk wanda ya zauna tare da shi a ƙofar gidansa a unguwar Mairi: "Na san cutar, na san maganinta, amma na zaɓi dariyar aji."

Bayan ya yi ritaya daga koyarwa, Malam Umara ya buɗe ajin Asabar da Lahadi domin manya masu sake rubuta jarrabawar Turanci. Don bitar nahawu ta yi armashi, sai ya ƙirƙiro wasa. Kowa zai miƙe tsaye, Malam ya jefa wa mutum kalma, shi kuma ya gina jimla nan take. Wanda ya yi daidai ya ci gaba da tsayuwa. Wanda ya kuskure ya zauna, ba a sake waiwayarsa har a tashi. Ajin ya yi suna, ana tafi, ana shewa.

Cikin ɗaliban akwai Aisa, wadda ta shekara tara tana sharar ɗakunan wani ƙaramin asibiti a unguwar Fezzan. Burinta ta shiga makarantar koyon aikin jinya. Ta ci kowane darasi, saura Turanci, kuma bana ce shekarar ƙarshe da ƙa'idar shekaru za ta bari a ɗauke ta.

Wata Asabar Malam ya nuna ta. "Aisa, ga kalmarki: husband."

Ta gyara mayafi, ta ce, "My husband, she is a driver."

Aji ya fashe da dariya. Chinyelu, mai shagon atamfa a kasuwa, wadda ta saba cinye wasan, ta dafa kafaɗarta. "Ya Aisa, yau ma kin ɗaura wa maigida zane? Turo shi shagona, zan yi masa ragi!"

"Allah ya shirye ki, Madam," in ji Aisa, tana murmushin yaƙe.

"Zauna," in ji Malam Umara, shi ma yana dariya.

Ta zauna. Minti uku ke nan da fara wasa, kuma awa guda za ta yi tana kallon waɗanda suka riga suka iya suna ƙara iyawa.

Malam ya fi kowa sanin tushen kuskuren, domin shi ma Babarbare ne kamar Aisa. A Barbarci, namiji da mace duk "shi" ne. A Hausar da Aisa take yi a wurin aiki, "shi" namiji ne. Ga Turanci kuma ya zo da kalma mai irin wannan sauti, ya ce ta mace ce kaɗai. Harsuna biyu suna ja mata baki zuwa gefe guda, ba wanda ya taɓa zama ya nuna mata igiyar.

Sau ɗaya ta tare shi bayan an tashi. "Malam, ni ban gane inda nake faɗuwa ba. Kafin in gane, an ce in zauna."

Ya dubi agogo. "Mako mai zuwa, in sha Allahu, za mu zauna a kai."

Makon ya zo, wasan ya yi daɗi, aka manta. Haka lokutan aikatau da sauran ƙa'idojin jimla suka wuce ta kanta tana zaune.

Da sakamako ya fito, ta iske shi a gida da hantsi, riƙe da takardar. Mataki ɗaya ya rage mata ta kai abin da ake nema.

"Wushe, Malam," ta gaishe shi da Barbarci. "Na zo ne in yi godiya, ka yi iya ƙoƙarinka. Kaina ne ba ya ja."

Ya kasa ɗago ido. Da ƙyar ya ce, "A kan me kika yi rubutun insha'i?"

"An ce mu rubuta game da mutumin da muke girmamawa. Kai na rubuta." Sai ta karanto masa farkon da ka, cikin alfahari: "My teacher, she is a patient man. She never beat anybody."

Shafi biyu ta cika da haka. Malam Umara ya taɓa yin aikin duba takardun jarrabawa, ya san yadda jan biro yake bin irin wannan layi ɗaya bayan ɗaya.

Washegari ya tafi makarantar jinyar, ya roƙi a ƙara mata shekara guda. Magatakarda ya saurare shi da ladabi, ya ce, "Baba, ba ni na kafa dokar ba." Ya rubuta wasiƙa, ba a amsa ba. Ya nemi wani tsohon ɗalibinsa da ke aiki a can, aka ce an canja masa wurin aiki. Aisa ta koma ga tsintsiyarta. Idan suka haɗu a hanya, har yanzu durƙusawa take yi ta gaishe shi, kuma wannan gaisuwar ta fi zagi yi masa ciwo.

Da sabon aji ya fara, wani tela mai suna Nasidi ya harɗe a jimlar farko. Aka fara dariya, shi kuma ya soma jan benci zai zauna.

"Tsaya," in ji Malam Umara. "Ku da kuka iya, ku ne za ku zauna." Ya ɗauki alli, ya matso kusa da telan. "Sake faɗa a hankali, mu ga inda ta karkace."

Malamai da iyaye, wasa a aji alheri ne, amma wasan da yake fara korar mai rauni ya kori wanda aka buɗe ajin dominsa. Wanda ya kuskure shi ya fi cancanta a tsaya a kansa, kuma yau, ba mako mai zuwa ba.