Wuƙar Baban Du-ri

Zance ya cika kasuwar kifi: an nuno mijin Mal-sun, Baban Du-ri, a labaran talabijin, bayan an gargaɗi masu kallo. Yana tsaye kusa da masu faɗa, an dusashe abin da ke hannunsa. Kowa ya ce wuƙa ce. Har dangin ango sun fara zancen ɗage bikin 'yar Mal-sun.

Mal-sun dai ba ta yarda ba. Mutumin da ko kifi ba ya iya yankawa? Ta sa tabarau, ta jira maimaicin labaran. Da ta gani, sai ta kira mijin.

"Baban Du-ri, zo nan. Ashe wuƙar taka hayaƙi take yi?"

"Wuƙa ce mana, Maman Du-ri! Tambayi kowa!"

Taba ce, wadda ya rantse mata ya daina. Tashar kuwa tana dusashe taba kamar yadda take dusashe wuƙa. Shi da kansa ya baza zancen wuƙar, don kada matarsa ta gano.