Ƙwaryar Nomau

Naman akuya na ƙonewa a kan wuta, ba mai juya shi. Jatau na kwance cikin jini, an ɗaure masa ciki da zane, ana neman amalanken da zai kai shi asibiti a Roni.

Ƙaninsa Nomau, wanda ya soke shi da wuƙar yankan nama, yana ta birgima a ƙasa.

"Giya ce, Baba!" ya ce wa Sarkin Noma cikin kuka. "Ban san na yi ba!"

Dattawa suka sunkuyar da kai. A wannan ƙauyen Maguzawa, abin da giyar bikin kaka ta jawo, a gida ake kashe maganarsa. Ba wanda ya ambaci gonar gadon da su biyun suke rigima a kai.

Iya Tambai, tsohuwar da ke dafa giya irin ta kakanni, ta ajiye ludayi.

"Nomau, tashi haka nan. Matarka ta roƙe ni kada in bari ka bugu bana. Tun safe daga randar yara nake zuba maka. Ruwan tsiron dawa ne, ko kwana bai yi ba, ba ya bugarwa."

Kukan ya tsaya cak.