Ma'aikacin Masaƙa a Gonar Riɗi

Tunda ka ce gobe za ka fita neman aikin kaka, zauna in ba ka misalin wani mutum da na sani.

Ma'aikacin masaƙa ne a birni. Shekara goma sha ɗaya yana tsaye a gaban injin saƙa, har ranar da aka rufe kamfanin aka sallame su. Daga nan ya yi shekara biyar ba aiki. Matarsa ce ke suyar awara a ƙofar gida, da abin da ta samu ake ɗora tukunya. Ya daina zama a majalisa, don ya gaji da amsa tambayar ko an samu. Da kaka ta zo, ya ji labarin ana neman hannu a ƙauyukan da ake noman riɗi, sai ya naɗe riga biyu a leda ya hau mota. Manomin farko ya tambaye shi ko ya taɓa aikin riɗi, ya ce a'a, aka ba shi haƙuri. Na biyu ma haka. Na uku ko tambaya bai yi ba, tafin hannunsa kawai ya duba ya girgiza kai. A rana ta huɗu aka kai shi wurin wani dattijo da ciwon gwiwa ya kwantar, 'ya'yansa duk sun yi nisa, ga riɗinsa ya nuna a gona. Dattijon ya ce, "Malam, ka san aikin?" Mutumin ya tuna matarsa a bakin kasko, hayaƙi na shiga idonta. Ya ce, "Na sani, Baba."

Yankan bai ba shi wahala sosai ba. Ya riƙa satar kallon masu gonar maƙwabta, yadda suke riƙe lauje, yadda suke ɗaure dami su tsayar da shi kai sama, ya yi yadda suka yi. Hannunsa ya yi bororo, ya fashe, bai yi ƙorafi ba. Kullum da yamma yakan dawo ya ci tuwo tare da dattijon a kwano ɗaya, kuma a kwanakin nan ne ya sake jin kansa mutum.

Bayan mako biyu riɗi ya bushe. Dattijon ya ba shi tamfol ya ce ya je ya kakkaɓe. Ranar kasuwa ce, gonaki ba kowa, babu wanda zai kalla ya kwaikwaya. Abin da bai sani ba shi ne, idan riɗi ya bushe bakin kwansonsa a buɗe yake, ba abin da ke riƙe da ƙwayar sai tsayuwar damin. Shi ya sa ake shimfiɗa tamfol a nan gindin damman, a kifa su a kai ba tare da an yi taku biyu ba. Shi kuwa ya hangi inuwar wata tsamiya a can ƙarshen gona, ya shimfiɗa a can. Ya riƙa saɓa dami a kafaɗa, kan yana reto a bayansa, yana ratsa gonar. Yana jin wani ɗan sauti kamar yayyafi a baya, ya ɗauka busasshen ganye ne. Daga hantsi har azahar yana kai da kawowa, gumi na zuba, ransa fari, yana lissafin yadda zai shiga gida da abu a hannu.

Da ya gama tarawa ya ɗauki sanda ya fara bugu. Abin da ya sauko bai rufe tsakiyar tamfol ba. Ya bugi wani damin, haka. Sai ya waiwaya, ya ga farar hanya a cikin rairayi, daga inda damman suka tsaya har zuwa ƙafarsa. Tururuwa har ta riga ta yi layi.

Ya durƙusa yana tattarawa da hannu. Amma ƙwayar riɗi da ƙwayar rairayi kusan girmansu ɗaya, abin da ya damƙo duk ƙasa ce. A haka dattijon ya same shi da la'asar, bisa jakin aro, ya zo ganin amfanin shekararsa. Ya daɗe yana kallon gonar. Bai yi faɗa ba, bai zage shi ba. Cewa kawai ya yi, "Ɗana, gwiwata ce ba ta aiki, bakina lafiyarsa lau. Da ka ce mini ba ka sani ba, da a kan jakin nan zan zauna in nuna maka."

Kwana uku mutumin ya yi yana tankaɗe ƙasa da rariya. Ɗan abin da ya samu, masu saye suka tauna suka ji tsakuwa, suka ture. Labari ya zaga ƙauyen, babu wanda ya sake kiransa gona, alhali ga wake ga dawa duk suna jiran hannu. Ranar da zai tafi, dattijon ya auna masa gero kwano biyu daga ɗan abin da ya rage a rumbu, ya ce ya kai wa iyali. Mutumin ya roƙe shi ya bari, dattijon ya rantse sai ya karɓa. Daga baya mutumin ya gaya mini bai taɓa ɗaukar kaya mai nauyin geron nan ba. Da ya isa gida matarsa ta karɓa da murna tana sa albarka, shi kuwa ya kasa cin tuwon da aka yi da shi.

Ba mugu ba ne, ba kuma rago ba. Kunya da yunwa ne suka sa ya ɓoye abu ɗaya a ranar da ya kamata ya faɗe shi. Shi ya sa Hausawa suka ce, ranar wanka ba a ɓoyon cibi.