Koren Maɓalli

"Sake su duka," in ji shugaban ɗakin zane, yana ƙwanƙwasa allon kwamfutar mai zanen da biro. "Riga arba'in, kowacce da koren maɓalli ɗaya a cikin baƙaƙe. Jarumar wasa ce ko mahaukaciya?"

Mai zanen ta murza idanunta da suka yi jajir. Kwana uku ke nan tana fama da manhajar ƙirƙirar hotuna, tana fitar da kayan da jarumar wasan za ta riƙa canzawa. Ta rubuta umarni har yatsunta suka ƙage, amma manhajar ta kafe a kan koren maɓallin nan.

"Yallaɓai, abin da aka nuna mata take kwaikwayo."

"To me kika nuna mata?"

Ɗinkin mahaifiyarta ne. Duk wata sai tsohuwar ta aiko mata da sabuwar riga, ita kuwa ta ɗauki hoto, ta cusa rigar a durowa, ta tura "na gode, Mama." Rabonta da gida har ta manta.

Ta buɗe hotunan ɗaya bayan ɗaya. Na bara tsaf suke. Na bana kuwa kowacce da koren maɓalli, ga bakin hannun duk ya karkace.

Ta fita baranda ta buga waya.

"Mama, yaushe idonki ya fara ba ki matsala?"



"Wata takwas ke nan. Wa ya gaya miki?"

Ta waiga ta dubi allon. Jarumai arba'in suna tsaye, kowacce sanye da abin da ita ta kasa gani.