Tunda Ɗanbala Ya Rantse

"Fice min daga gona, ɓarawon banza!" Safiyanu ya daka wa maƙwabcinsa Ɗanbala tsawa, a gaban ma'aikacin tallafin noma da ya zo Basirka.

Ɗanbala ko gezau. Ya ji ana cewa mai kyakkyawar gona ake ba taki, shi ya sa ya kafe cikin koriyar shinkafar Safiyanu.

"Wallahi tallahi tawa ce, yallaɓai. Ga tasa can, wadda ruwa ya cinye." Ɗanbala ya nuna gonar da a gaskiya ita ce tasa.

Ma'aikacin ya gyaɗa kai. "Ai bana tallafin na waɗanda ambaliya ta yi wa ɓarna ne."

Safiyanu ya sauke fartanyarsa. "To, yallaɓai, tunda ya rantse, ni wane ne da zan ƙaryata Musulmi?"