Yatsa Ɗaya a Kan Tsirkiya Uku

Mun zo ne mu gaya wa Kawu cewa ƙungiyarmu ta kiɗa ta ɗauki wani mai jita a madadinsa. Tun da ciwo ya shanye masa hannun hagu, babu wanda ya iya kallon idonsa ya faɗa.

A bakin ƙofa kiɗa ya tare mu. Kiɗan rawa ne na fank, amma ba irin wanda muka saba ba. Sautin a buɗe yake kamar ɗakin da aka kwashe wa kaya, ba na murna ba, ba na kuka ba. Ya kafe a murya ɗaya, yana hawa yana sauka, ya ƙi komawa gida, ya kuma hana ƙafa zama lafiya.

Mai ganga ya raɗa mini, "Tsohon nan ya riga mu, ya samo magajinsa. Wallahi wannan ya fi wanda muka ɗauko."

Muka yi sallama muka shiga. Kawu ne shi kaɗai a bakin gado, da jita a cinyarsa. Yatsunsa uku a naɗe suke kamar busasshen ganye, manuni kawai ya kwantar a kan tsirkiya uku, yana zamewa da shi.

"Tazarar murya huɗu-huɗu ke tsakanin tsirkiyoyin nan, haka ake ɗaure su tun asali," in ji shi. "Shekara da shekaru ina murɗa yatsu ina tsallake abin da ke kwance a gabana. To, me ya kawo ku?"

Mai ganga ya share ido.

"Kawu, gobe muna da gwajin kiɗa. Kada ka makara."