Likitan da Bai Ɗaga Kai Ba

Babban likita ya buga takardar ƙorafi a tebur a gaban ma'aikata.

"Tsohuwa ta zo da ciwon gwiwa. Nas ta karanta katinta, likita ya rubuta magani, ko kai bai ɗaga daga waya ba! Ga takardar dakatarwa, sunansa kawai ya rage."

Shugabar nas-nas ta yi gyaran murya. "Ranka ya daɗe, tana waje. Ta ce za ta gane shi."

"Shigo da ita!"

Tsohuwar ta shigo tana ɗingishi, ta wuce kowa, ta tsaya a gaban babban likitan.

Ya miƙe zumbur. "Inna? Yaushe kika zo asibitin nan?"

"Jiya, ɗan nan. Na sha kallon sanƙonka har na ƙoshi. Rubuta sunan mana, ko shi ma sai na tuna maka?"